Tokar Noreen a Cikin Laima

Orval Teague ya shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a garin Harlow na jihar Ohio, kuma duk tsawon shekarun nan ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi a kan gudu ba. In allon bakin hanya ya ce hamsin da biyar, shi hamsin da biyu yake yi don a zauna lafiya. Amma fa wannan bawan Allah shi ne ya ƙarar da kusan kowace Asabar da Lahadi ta rayuwarsa, daga Afrilu zuwa Oktoba, a kan bencin katako yana kallon motocin da ke lashe kwatan mil a cikin sakan shida. Ba shi ya zaɓi abin ba. Matarsa Noreen ya bi, ita kuwa a ciki aka haife ta.

Noreen 'yar mai tuta ce. Kafin a kawo fitilun da ke ba motoci alamar tashi, ubanta ne ke tsayawa tsakanin motoci biyu a filin tsere na Tolliver, wani tsohon titin saukar jiragen soja da aka bar wa ciyawa bayan yaƙin duniya. Sai ya durƙusa, ya daka tsalle da tuta a hannu, motocin su wuce shi dama da hagu rigarsa na kaɗawa. A shekarar 1962 Orval ya kai wasiƙa gidansu, ta buɗe masa ƙofa da baƙin mai har gwiwar hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in yana so ya ƙara ganinta ya zo fili ranar Lahadi. Ya je, da takalminsa gogagge. Motar farko na tashi ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya runtse ido, ita kuma ta yi masa dariya har da riƙe ciki. Shekara na zagayowa aka yi bikinsu a cocin unguwa, ranar Juma'a, saboda amarya ta ce Asabar akwai tsere.

Daga nan sai yawo. Suka sayi wata tsohuwar bas mai gado da risho a ciki, duk inda aka ce za a tsere suna can: Indiana, Kentucky, Michigan, har California sau ɗaya, tafiyar kwana uku da Orval ya mayar biyar, Noreen na gefe tana mita wai har taraktar manoma ta wuce su. 'Yarsu ɗaya, Gail, a bayan bas ɗin nan ta yi rarrafe, tana yin wayo kuma ta tsani abin, ta yi aure ta koma Arizona inda ba ta jin ƙarar komai. Aikin Orval a fili sananne ne. Shi ke ɗaukar kular ƙanƙara, shi ke ɗaukar filon zama, shi ke bin layin gasasshiyar masara. In ka tambaye shi bambancin wannan inji da wancan sai ya nuna maka matarsa da haɓa. Har ya tsufa ba wanda ya taɓa ji ya ce yana son tsere, amma kuma ba wanda ya taɓa ganin ya makara.

A Tolliver wurin zamansu ɗaya ne, layi na tara a bencin 'yan kallo, daidai saitin inda motoci ke tashi. Noreen ta ce a nan ake cin tsere, sauran titin rakiya ce kawai. Da suka manyanta ciwon suga ya ci mata ido, tun tana ganin motoci dishi-dishi har ya zama sai haske da duhu. Shi kuma ƙarar inji ta cinye masa kunnen dama kaf, na hagun ya rage ɗan kaɗan. Sai suka raba aiki. Tana zama a hagunsa. Motoci na tashi ta karkata kai ta kasa kunne, kafin su kai ƙarshe ta riga ta faɗi sakan nawa mota za ta yi. Shi kuma suna taka layin ƙarshe ya ɗaga ido ga babban allon da ke can, ya karanta, ya juyo hagu ya gaya mata.

"Shida da ɗigo hamsin," in ji ta.

"Shida da arba'in da takwas."

"Allonsu ne ke ƙarya."

Shekara goma sha shida suna wannan, sau ɗari a yini in rana ta yi kyau. A damansu Lonnie Brandt ke zama, tsohon direban tirela mai kyamara a wuya da bakin da ba ya hutu. Orval ya taɓa cewa abin da ya sa abotarsu ta daɗe shi ne a gefen mataccen kunnen Lonnie yake. Lonnie kuma ya sha cewa zalunci ne a sayar wa wannan miji da mata tikiti biyu, tunda sai an haɗa su suke ba da ɗan kallo guda.

Akwai kuma maganar hayaƙi. Manyan motocin ba fetur suke sha ba, wani mai ne da ake kira naitiro, in kuwa iska ta kwaso hayaƙinsa ta watsa wa benci, ido yaji yake yi kamar an yanka albasa buhu guda. Sai ka ga ƙattin maza masu gemu da zane a damtse hawaye shaɓe-shaɓe suna ta tafi. Noreen na son wannan ƙwarai. Takan ce nan kaɗai ne a duk jihar Ohio namiji zai yi kuka da rana tsaka ba wanda zai tambaye shi dalili.

A watan Fabrairun 2004 ta rasu, a asibiti, da misalin ƙarfe goma na safe. Kwana tara Orval na zaune a kujerar gefen gadonta, ko gemu bai aske ba. A kwana na goma ta farka da ɗan kuzari, ta ce masa, "Orv, tashi ka je ka sha gahawa. Numfashinka ya ishe ni, sai ka ce salansa ta fashe." Ya ce ba ya jin sha. Ta ce ita ba tambayarsa ta yi ba. Ya tashi ya sauka ƙasa, ya tarar da mutum huɗu a layi, ya jira nasa kamar yadda ya saba jira. Da ya dawo da kofi a hannu sai ya ga nas tsaye a bakin ƙofa ta haɗa hannuwa a gaba. Minti goma sha ɗaya ya yi. Ya duba agogo, shi ya sa ya sani.

Bai yi kuka ba. A coci bai yi ba, ranar da aka ƙona gawar kamar yadda ta yi wasiyya bai yi ba, ranar da Gail ta rungume shi a filin jirgi tana kuka bai yi ba, sai dai ya yi ta bubbuga bayanta yana kallon allon tashin jirage. Mutane suka yi ta yabon dauriyarsa, alhali ba dauriya ba ce, abin ne kawai ba ya zuwa. Ya ci abinci bai ji ɗanɗano ba, ya share ƙanƙarar ƙofar gida ranar da ta kamata, ya amsa gaisuwar maƙwabta da kalmomin da suka dace. Duniya ta koma masa yadda take in ya cusa auduga a kunne kafin a ta da inji: yana ganin bakin mutane na motsi, yana jiyo abu can nesa. Tunani ɗaya ne ke zuwa masa kullum da safe in ya ɗora ruwa, shi ma ba da zafi yake zuwa ba, zuwa kawai yake ya zauna. Shekara arba'in da ɗaya yana gefenta, ta tashi tafiya ba ya nan.

Sanyi ya wuce aka buɗe filaye, bas na ƙofar gida har taya ɗaya ta sace. Duk Juma'a sai Lonnie ya bugo waya ya ce gobe Indiana, ko gobe Kentucky, ya biyo ne? Orval ya ce masa ya je kawai. In an nuna tsere a talabijin yakan kunna ya kashe muryar, ya zauna har a gama, in ka tambaye shi wa ya ci ba zai iya gaya maka ba.

Wasiyyar Noreen ba a ƙonawa ta tsaya ba. 'Yan tsere suna da al'adarsu. In nasu ya mutu akan zuba tokarsa a cikin laimar da ke bayan mota, wadda direba ke saki bayan layin ƙarshe don ta ja motar ta tsaya. Laima na buɗewa toka ta tashi sama, shi ke nan an yi sallama. Haka aka yi wa ubanta, haka ta ce a yi mata, a Tolliver, a taron tsofaffin motoci na watan Satumba. Ta kafa sharaɗi biyu tun tana da lafiya. Kada a sa ta a motar da ba ta shiga sakan shida ba, kada kuma a yi mata gudun makoki, mota ɗaya tilo a titi ana sunkuyar da kai. A sa wata a ɗaya layin a yi tsere na gaske. Rabin tokar Gail ta tafi da shi Arizona. Sauran rabin Orval ya juye a gwangwanin gahawa mai murfi, don akwatin robar da aka ba shi bai yi masa kama da abin Noreen ba, ya ajiye a kan firiji. Shi ma ya ƙulla nasa a zuciya bai gaya wa kowa ba. Waccan tafiyar ta wuce shi, wannan kam zai tsaya ya gani da idonsa.

Ranar Asabar ɗin ya hura taya, ya isa fili ƙarfe bakwai na safe, ya ajiye bas inda ya saba. Ya ɗauki filo biyu kafin ya tuna, sai ya ga mayar da ɗaya ya fi ɗaukarsa wuya, ya tafi da su duka. A gindin benci ya tarar da tsofaffin layi na tara sun yi da'ira kowa da kofi a hannu, Lonnie na tsakiya yana ci gaba da zancen da ya fara tun shekara talatin da suka wuce.

"Da tuta ake tashi, ba wannan fitilun bikin Kirsimeti ba! Inji a gabanka, mai na feso maka a fuska, ba ka ganin komai sai dai ka ji ka iso. 'Yan yanzu fa? Mutum ya kame a gaba kamar mai kallon talabijin, inji na bayansa..." Ya hango Orval sai ya yanke. "Kai, ga Mai Wasiƙa! Da ƙafa ka taho ne? Tun Afrilu muke jiranka."

"Lon."

"Ita ce a nan?" Ya nuna gwangwanin da ke hammatar Orval.

"Rabinta."

"Wane rabin? In bakin ka kawo, to a gaya wa direba ta toshe kunne."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana satar kallon mai makoki. Mutanen fili haka suke, ba su iya ta'aziyya ba sai da tsokana. Orval ya san abin dariya ne, ya san da Noreen na nan da ta rama da wanda ya fi shi zafi, sai ya motsa baki yadda ya ga ya dace. Zance ya koma kan filayen da suka mutu. Wani ya ce na bayan kogi yanzu rukunin gidaje ne, wani ya ce na kusa da layin dogo ya zama ɗakunan ajiyar kaya, amma in ka zaga bayan ginin har yanzu za ka ga baƙin taya a kwalta. Aka tuna lokacin da ake tura mota da a-kori-kura kafin ta tashi, da lokacin da direba ke shiga da singileti da hular fata. Wani ya tuna ranar da uban Noreen ya daka tsalle wandonsa ya tsage a gaban mutum dubu uku, bai fasa ɗaga tuta ba. Wani ya ce ƙarya ne, a Indiana aka yi wannan. Aka hau musu a kan shekara. A da Noreen ce ke raba irin wannan gardama da kalma ɗaya, yau kuwa sai aka yi ta ja har kowa ya gaji aka bari.

Motar da za ta ɗauki Noreen ta Shawna Pickett ce, malamar firamare 'yar shekara arba'in da ta gaji motar ubanta, doguwa siririya mai inji a gaba, irin ta da. Noreen ce ta zaɓe ta da kanta, wai ita kaɗai ce a filin ba ta ɗaga ƙafa in mota ta fara rawa. Orval ya same ta a rumfarta ta shimfiɗa laimar a kan tamfol, ja da fari, igiyoyin a miƙe.

"Mista Teague, sannu da zuwa. Zo ka tsuguna nan. Kai za ka zuba, ni ninki kawai zan yi."

Naɗe laima ba aikin gaggawa ba ne. Ta ware igiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ta ninka yadin dama, ta ninka na hagu, tana danne shi da gwiwa don iska ta fita. A kowane ninki sai ta ɗaga gefen ta ce, "Kaɗan a nan," shi kuma ya karkata gwangwanin. Tokar ba laushi gare ta ba irin ta murhu, tsakuwa-tsakuwa ce. Ya ga hannunsa na aiki daidai ko rawa ba ya yi, ya yi ta jira ya ji wani abu. Abin da ya zo masa shi ne gwiwarsa na ciwo, kuma kamar bai rufe tagar bas ba. Da gwangwanin ya ƙare ya bugi gindinsa sau biyu yadda yake yi wa na gahawa. Shawna ta cusa laimar a jakarta a bayan mota, ta haɗa marafan ta soke su da waya, ta shafa jakar da tafin hannu.

"Ta zauna daram," in ji ta, ta share hanci da bayan hannu. "Ƙarfe uku ne namu, ni da motar 'yan Kentucky. Ka ga, Mista Teague, ka bari a kai ka can ƙarshen titi ka tsaya da masu kashe gobara. A gabanka za ta buɗe. Daga benci akwai nisa fa."

"A layi na tara muke zama."

"Na sani, amma yau dai..."

"Ina da madubi." Ya taɓa madubin hangen nesa da ke rataye a ƙirjinsa. "Ba ta taɓa zama a ƙarshen titi ba. Ta ce wurin masu jiran hatsari ne."

Shawna ta dubi madubin. "To ka riƙe ni da madubin, kada ka sake ni. Ina taka layin ƙarshe zan saki laimar. Abin ba ya daɗewa, ƙiftawar ido ne."

"Ba zan sake ki ba."

Ya hau layi na tara ya ajiye filo ɗaya a hagunsa. Benci ya cika maƙil amma ba wanda ya zauna a kai. Yini ya yi ta tafiya yadda ya saba. Motoci bibbiyu suka yi ta fitowa, su murza taya a ruwa har hayaƙi ya turnuƙe, su ja baya, su daidaita hanci a layi, fitilu su gangaro, su tafi. Orval ya gwada hannunsa da su: ya kama mota a madubi, ya bi ta har ta wuce layin ƙarshe, ya tsaya a kanta har laima ta buɗe. Sau bakwai ya gwada, sau bakwai ya yi daidai. Ba wani abu ne mai wuya ba. Iska ran nan daga bayan benci take kaɗowa tana kwashe hayaƙin zuwa gonar masarar da ke ƙetaren fili, Lonnie na ta ƙorafi wai an hana su rabonsu, ya biya kuɗin kuka bai yi ba. Ya kawo wa Orval masara da man shanu, ya zagayo da kai ta gabansa don ya sami kunnen hagu.

"Kurma, hoto ɗaya ya rage mini a fim, nata ne. Tana tashi zan ɗauka. In na wanke mu aika wa Gail."

Orval ya gyaɗa kai. Ya ci rabin masarar ya riƙe sauran har ta huce.

Ƙarfe uku da 'yan mintoci mai sanarwa ya yi magana a lasifika. Orval bai ji kalmomin ba, sai dai ya ga mutane suna miƙewa suna cire huluna, wasu na waiwayen layi na tara. Shi ma ya miƙe. Aka ta da injuna biyu, katako ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Shawna ta murza taya ta wuce cikin hayaƙi, ta ja baya a hankali, ta dawo ta tsaya jakar laimar na daidai saitinsa, 'yar baƙar jaka da ba ta fi filon da ke hagunsa girma ba. Ya sa madubi ya kama ta. Motar Kentucky ta daidaita hanci. Fitilu suka gangaro.

Tare suka tashi. Ƙarar ta doke shi a ƙirji, irin wadda ba a buƙatar kunne a ji ta. Ya riƙe jakar a tsakiyar madubi tana ƙanƙancewa. A rabin titi motar ta yi rawa ta nufi layin tsakiya, Shawna ba ta ɗaga ƙafa ba, ta dawo da ita. Ta Kentucky na manne da ita. Daga layi na tara, in motoci biyu suka tafi kai da kai haka ba idon da zai gaya maka wa ya riga, 'yan abubuwa biyu kawai za ka gani suna rawa a cikin zafin kwalta. Allo ne kaɗai ya sani. Orval bai yanke shawarar komai ba. Wuyansa ne ya ɗaga kamar yadda ya ɗaga sau dubun dubata, madubin ya bar jakar ya hau sama. Fitilar nasara ta kama a gefen Shawna, lambobi suka fito.

Ya juya hagu da murna har muryarsa na fashewa. "Shida da talatin da tara! Nor, mun ci!"

Filon na nan a kan benci, da lotsawar da ya yi tun shekarun baya.

Ya mayar da madubin da sauri har ya bugi karan hancinsa, ya nemo ƙarshen titi. Laimar ja da fari ta riga ta buɗe ta gama aikinta, tana jan ƙasa a bayan motar da ke karya kwana a hankali. Ya ɗaga sama, ya duba dama, ya duba hagu. Sararin sama ne fes, sai layin bishiyoyi da gonar masara. Ko ƙura babu.

Jama'a na ta tafi. Ya zauna. Lonnie ya zagayo da kai.

"Ka gani?"

Orval ya saki madubin ya faɗo ƙirjinsa.

"Orv. Ka ga ta tashi?"

"Allo na kalla."

Lonnie ya dubi kyamarar da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi riƙo. "Ni ma," in ji shi. "Allon na ɗauka. Na rantse da Allah hannun ne ya yi, ban aike shi ba." Ya waiwaya wajen sauran tsofaffin. "Ku fa? Wa ya gani?" Wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya hau gyaran hula. Mutum goma sha ɗaya ne suka zo musamman don su raka Noreen, wasu daga jiha ta biyu, wani a keken guragu, kuma kaf layi na tara ba wanda ya ga tafiyarta. Kowa dai ya san shida da talatin da tara.

Aka ci gaba da tsere, don fili ba ya jiran kowa. Orval na zaune da gwangwani ba komai a tsakanin ƙafafunsa, yana kallon motoci na tashi bibbiyu. Audugar ta dawo ta rufe komai. Ya yi tunanin tagar bas, ya yi tunanin ko man da ke ciki zai kai shi gida. Kamar rabin awa haka sai ga Shawna tana hawo matakala, rigar kariya daga wuta a kwance zuwa ƙugu, gashinta sharkaf da gumi, tana fara'a har kunne. Ta miƙa masa 'yar takardar da ake ba direba a ƙarshen titi, mai ɗauke da lokacinsa. A samanta ta rubuta Noreen da biro. Ta san kunnensa, sai ta tsuguna ta hagu, gaban filon, ba ta taɓa shi ba.

"Motar nan ba ta taɓa yin wannan gudun ba, ko a hannun babana. Ni fa ban ga komai ba, a bayana take, sai dai na ji ta fizge ni. Yaya ta tashi, Mista Teague? Gaya mini."

Orval ya dubi takardar, ya nisantar da ita kaɗan don lambobin su fito.

"Da shida da arba'in za ta ce," in ji shi. "In na gaya mata, ta ce allonsu ne ke ƙarya."

Shawna ta yi dariya, tana jira.

"Ban gani ba, Shawna. Sau biyu ke nan tana tafiya ina kallon wani wuri."

A kalmar ƙarshe muryar ta karye. Abin da ya ƙi zuwa wata bakwai ya taso masa daga ciki gaba ɗaya, baƙin ciki tsagwaronsa, har ya rasa inda zai sa fuska. Ya danne takardar a ƙirji, kafaɗunsa na jijjiga, hawaye na bin gemu suna ɗiga a kan madubin. A ƙasa aka ta da wasu manyan motoci biyu, benci ya sake ɗaukar rawa.

Lonnie ya cire hula ya goge nasa idon da ita, ya ɗaga murya yadda har layi na goma sha biyu za su ji. "Kai, hayaƙin nan na yau da yaji yake!"

"Da yaji kam," in ji na keken guragu, shi ma yana share ido.

Iska kuwa tun safe gonar masara take nufa, ko ƙanshin naitiro bai iso layi na tara ba. Ba wanda ya tambaye shi dalili.